Kalmar "Saƙa" da Danginta a Ƙasar Kankiya da Kusada: Waiwaye a kan Tarihi

1.0 Gabatarwa

Idan aka ce wa dattijo ɗan shekara saba'in a Kankiya ko Kusada ana saƙa a gidan wane, abin da zai faɗo masa a rai shi ne namiji zaune a gindin inuwa, ƙafafunsa bisa matakai, ƙoshiya tana kai da kawowa tsakanin hannuwansa, zare kuma ya miƙe a gabansa har can inda kunkuru yake. Idan kuwa jikarsa aka faɗa wa wannan magana, ita mace za ta hango riƙe da kwarashi da dunƙulen ulu, tana yi wa jariri hular sanyi. Kalmar dai ɗaya ce, amma aikin da kowannensu ya fahimta daban ne, kayan aikin daban, masu yin sa ma daban.

Manufar wannan maƙala ita ce a bi diddigin yadda haka ta faru. Za mu fara da siffar kalmar da iyakar ma'anarta, sa'an nan mu dubi sana'ar da ta ɗauke ta a zamanin da, da abin da ya sami sana'ar bayan zuwan Turawa, da kuma yadda kalmar ta koma kan wani sabon aiki. An zaɓi Kankiya da Kusada ne domin suna tsakiyar ƙasar Katsina ta ɓangaren da ke fuskantar Kano, watau a kan hanyar da ta haɗa manyan birane biyu na ciniki. A yau kowannensu hedkwatar ƙaramar hukuma ce a Jihar Katsina, wadda aka ƙirƙiro daga Jihar Kaduna a 1987.

2.0 Siffar Kalmar

"Saƙa" tana zuwa a matsayin aikatau, kamar a "ya saƙa gwado", tana kuma zuwa a matsayin suna, kamar a "saƙa sana'a ce". Wasalin gaɓarta ta farko dogo ne, karin sautinta kuwa sama-ƙasa ne. Daga saiwar "saƙ-" ake samun "saƙe", idan an gama aikin ƙaf. Da "saƙo", idan an yi shi a can an kawo nan. Da "saƙu", idan ya yi kyau yadda ake so. Abin da aka yi wa aikin shi ne "saƙaƙƙe", ko "saƙaƙƙiya", ko "saƙaƙƙu".

Da ɗafa-goshin "ma-" ake samun "masaƙi" da "masaƙiya", jam'insu "masaƙa". Ita wannan kalma ta ƙarshe tana da ma'ana biyu a rubuce, amma kunnen Bahaushe yana rarrabe su. Idan karin ya faɗi a gaɓar tsakiya, mutane ake nufi, watau masu sana'ar. Idan kuwa gaɓoɓin uku duk suna sama, wurin aikin ake nufi, jam'insa "masaƙu". Haka nan "sassaƙa" ta yawaita saƙa da "sassaƙa" ta turmi da kujera rubutunsu ɗaya ne, sai dai ta farkon tana da dogon wasali a tsakiya, ta biyun kuwa gajere.

Akwai kuma wasu kalmomi uku da ƙugiya kaɗai ta raba su da tamu a rubutun boko: "saka" ta sanyawa, da "saka" ta sakayya, da "saka" ta saki. Kafin shekarun 1930 marubutan boko sun yi ta fama da wannan sauti, wasu su sa ɗigo, wasu su sa waƙafi a jikin harafin, har aka tsayar da haruffa masu ƙugiya a ayyukan Hukumar Talifi ta Zariya a zamanin Dokta R. M. East. Mai karatu ya gwada "ta saka hula" da "ta saƙa hula" zai ga amfanin wannan ƙugiya: ta farko ta ɗora hula a kanta ne, ta biyu kuwa ta kwana biyu tana aiki da zare. Yawancin masu rubutu a wayar hannu a yau sun yar da ƙugiya, saboda haka ruɗanin da aka warware shekaru kusan casa'in da suka wuce ya dawo.

3.0 Iyakar Ma'ana

Turanci yana da kalma daban ga aikin masaƙi na gargajiya, da wata ga aikin tsinke biyu, da wata kuma ga aikin kwarashi. Hausa ta tattara su duka a ƙarƙashin "saƙa", har ta ƙara da wasu. Ana saƙar tabarma da kaba, ana saƙar zana da gamba, ana saƙar kwando da asabari da malfa, masunta suna saƙar koma da taru, ana kuma saƙar raga. Ko a cikin halittu an ba gizo-gizo saƙa, an ba ƙudan zuma tasu.

Idan aka jera waɗannan misalai za a ga abin da ya haɗa su: a ɗauki abu siriri mai tsawo, a yi ta sarƙa shi da ɗan'uwansa ko da kansa bisa tsari, har ya zama abu mai faɗi wanda da can babu shi. Saƙar zuma ce kaɗai ba ta da zare, kuma kamannin idanunta da na raga ne suka ba ta sunan. Wannan ma'ana ita ta raba saƙa da maƙwabtanta. Wanda ya murɗa rama ta zama igiya tufka ya yi, domin abin da ya samu tsawo ne ba faɗi ba. Wadda ta sarƙa gashi a kai kitso ta yi. Wanda ya haɗa ƙyalle da ƙyalle da allura ɗinki ya yi, domin ya tarar da ƙyallen a saƙe. Faifai yana kan iyaka, shi ya sa ake jin wasu na cewa saƙar faifai, wasu kuma ɗinkin faifai.

4.0 Saƙa a Zamanin Da

Saƙar tufa tsohuwar sana'a ce a Afirka ta Yamma. An sami guntayen tufafin da aka saƙa ƙwarya-ƙwarya a kogunan duwatsun Bandiagara na ƙasar Mali, waɗanda masana suka ce sun kai ƙarni na 11. A farkon ƙarni na 16 Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, ya ambaci masaƙa a cikin bayaninsa na ƙasar Gobir. Bayan jihadi, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello (1817–1837) ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje littafin Usul al-Siyasa, inda a cikin shawarwarinsa ya hore shi da ya kula da masu sana'a, ya ƙarfafa musu gwiwa, ya kuma zaunar da su a garuruwa da ƙauyuka gwargwadon bukatar jama'a. Wannan ya nuna cewa hukuma ta ɗauki sana'ar hannu a matsayin ginshiƙin zaman gari.

Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, ya bi hanyar Katsina zuwa Kano a farkon 1851, ya ratsa ta Kusada, ya kuma ambaci garin a littafin tafiye-tafiyensa, kafin ya shiga Kano ran 2 ga Fabrairu. A can ya ƙiyasta cewa tufafin da ake fitarwa daga Kano a shekara sun kai na wuri 300,000,000, daga ciki har da kayan raƙumi 300 na wuri 60,000,000 da ake kaiwa Tambutu. Abin da ya fi burge shi kuwa shi ne aikin ba a wasu manyan ma'aikatu ake yin sa ba, a gidaje ake yi, iyali suna ci daga gare shi. Irin wannan ciniki ba birni kaɗai ke ɗauke da shi ba. Auduga da zare da farin saƙi daga karkara suke fitowa, garuruwan da ke bakin hanyar fatake kuwa, irin su Kusada, su ne suka fi kusa da masu saye.

Sana'ar tana da matakai, kowane mataki da kalmominsa, kuma a nan ne arzikin harshe yake. Manomi ya noma auduga, wadda a Katsinanci da Sakkwatanci ake kira kaɗa. Daga nan aiki ya koma hannun mata. Mace za ta gurje audugar a kan magurji da ɗan sandan ƙarfe don ta fitar da angurya, ta shiɓe ta da bakan shiɓa har ta yi laushi ta zama sutu. Sa'an nan ta zauna kaɗi da mazari, wanda gululun yumɓu ke ba shi nauyin juyawa, tana shafa alli a yatsu don kada su yi santsi. Zaren da ta murɗa sosai, siriri mai ƙarfi, shi ake miƙewa a tsaye. Mai kauri mai laushi kuwa shi ne abawa, wadda ake gittawa. Da kuɗin kaɗi mata da yawa suke yi wa 'ya'yansu kayan ɗaki, kuma sana'a ce da matar kulle ke yi ba tare da ta taka ƙofar gida ba.

Idan zare ya isa hannun masaƙi, sai ya fara da waɗari, watau ya kafa turaku a fili ya yi ta zagayawa da zare har ya sami tsawo da yawan da yake so. Ya zura zaren ta cikin allera da matsefi, ya ɗaure ƙarshensa a jikin kunkuru, wanda ɗan katako ne ko fata da ake ɗora wa dutse don zare ya yi tauri, yana matsowa a hankali yayin da saƙa ke ci gaba. Ya naɗa abawa a kwarkwaro ya sa cikin ƙoshiya. Idan ya taka mataki ɗaya rabin zaren ya ɗaga, ya jefa ƙoshiya ta wuce, ya buga da matsefi, ya taka ɗayan, ya komo da ita. Abin da ke fitowa ƙwarya ce siririya, daga faɗin yatsa biyu zuwa tafin hannu, sai maɗinki ya jera ƙwarya-ƙwarya ya haɗa su su zama zane ko riga ko rawani. Mata ma suna da tasu saƙar, a masaƙa ta tsaye da ake jinginawa a bango cikin gida, wadda ke fitar da ƙyalle mai faɗi amma gajere.

Kowace irin tufa da sunanta. Akwai fari, da saƙi mai zanen zabo na shuɗi da fari, da bunu, da gwado, da luru na lulluɓa a lokacin ɗari. Akwai tsamiya, wadda ake samun zarenta daga gidan wata tsutsa da ke zama a itacen tsamiya. Akwai barage mai ratsin alharini, shi kuwa alharini ta hamada fatake ke kawo shi daga Tarabulus, sunansa ma daga Larabci aka aro. Daga masaƙi sai marina, inda ake tsoma tufa a ruwan baba, daga nan sai mabuga. Ya kamata a lura cewa "saƙi" daga saiwar kalmarmu ya fito, watau tufar da ta yi fice har aka ba ta sunan sana'ar kanta. Yawancin masaƙan karkara manoma ne da damina, sai an kai amfanin gona gida su kafa masaƙa, su yi ta aiki har faɗuwar ruwa.

5.0 Bayan Zuwan Turawa

Turawan Ingila sun ci Kano da Katsina a 1903. Shekara guda kafin haka, a 1902, masu masaƙun Lankasha sun kafa ƙungiyar noman auduga da aka fi sani da BCGA, da burin samun audugar da za ta ciyar da injunansu. Sun sa rai ƙwarai a kan ƙasar Hausa, kuma wannan buri na cikin dalilan da suka sa aka ja hanyar jirgin ƙasa har Kano a 1911. Amma da farko abin bai tafi yadda suka so ba, domin masaƙan gida suna sayen auduga da tsadar da ta fi ta Bature, manoma kuma daga 1912 suka raja'a a kan gyaɗa. Wannan shaida ce ta ƙarfin da sana'ar ke da shi a lokacin.

Sannu a hankali al'amari ya juya. An shigo da sabon irin auduga na Amurka, aka kafa injunan gurza a kudancin Katsina, a Funtuwa da Malumfashi, aka tsara kasuwannin awo. Kantunan Turawa suka cika da akoko da alawayyo da atamfa masu araha, tare da zaren inji wanda ya fara kashe kasuwar kaɗi tun kafin ya taɓa masaƙi. A 1957 aka buɗe masaƙar Kaduna, ta farko irinta a Arewa, da haɗin gwiwar Gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna da wani kamfanin Ingila. Wasu suka biyo baya a Kaduna da Kano da Funtuwa.

A nan harshe ya yi wani abin lura. Ba a aro sunan Turanci an laƙaba wa waɗannan manyan ma'aikatu ba, sai aka ɗauki tsohuwar kalmar "masaƙa" aka ɗora musu. Kalmar da ke nufin 'yan sanduna huɗu a gindin bishiya ta koma nufin ginin da ke ɗauke da dubban ma'aikata. Su ma waɗannan ba su dawwama ba. Tsadar kayan gyara bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, da rashin wutar lantarki, da kwararowar yadin waje da gwanjo, sun durƙusar da su, har masaƙar Kaduna ta farko ta tsaya da aiki a 2002.

6.0 Saƙar Tsinke da Kwarashi

Aikin da 'yan mata ke kira saƙa a yau ya bambanta da na masaƙi tun daga tushe. Masaƙi zare iri biyu yake gittawa, na tsaye da na kwance. Mai tsinke ko kwarashi kuwa zare ɗaya tak take lanƙwasawa, tana zura kowane ido cikin wanda ya gabace shi. Shi ya sa abin da ta saƙa yake miƙewa ya komo, kuma idan aka ja bakin zaren sai ya warware gaba ɗaya.

Ko da yake ta hannun Turawa wannan aiki ya bazu a ƙasar Hausa, mafi tsufan samfurinsa da aka samu safa ce ta auduga daga Masar ta zamanin Musulunci, wajen ƙarni na 11 zuwa na 13. Daga baya ya yaɗu a Turai, inda wani Bature mai suna William Lee ya ƙera injin saƙa safa a Ingila a 1589. Kwarashi kuwa sai a ƙarni na 19 ya yi tashe a can.

Hanyar shigowarsa ƙasar Katsina ita ce makarantar 'yan mata. Wajen 1930, a zamanin Sarki Muhammadu Dikko (1906–1944), aka buɗe makarantar 'yan mata a birnin Katsina, lokaci guda da ta Kano, kuma aikin hannu da tsabta da kula da gida na cikin manyan darussan irin waɗannan makarantu. Azuzuwan mata na yaƙi da jahilci da darasin kimiyyar gida a firamare suka kai aikin karkara. Shirin kyautata rayuwar matan karkara na Maryam Babangida, wanda aka fara a 1987, ya ƙara yawan cibiyoyin mata a ƙananan hukumomi, inda ake koyar da ɗinki da saƙa, har da ta keke.

Me ya sa aka kira wannan baƙon aiki "saƙa"? Amsar tana cikin abin da muka faɗa a kashi na 3.0. Bahaushe ya riga ya saba kiran aikin raga da koma saƙa, alhali su ma da zare ɗaya ake yin su, ido bayan ido. Saboda haka aikatau ɗin bai bukaci aro ba. Kayan aikin da abin da ake samarwa su aka aro wa suna: "ulu" da "kwarashi" da "suwaita" duk daga bakin Turawa suka shigo, aka gyara su suka dace da harshen Hausa. Sauran kuwa aka yi musu suna daga gida, kamar "tsinken saƙa" da "keken saƙa" da "hular sanyi". A Kankiya da Kusada, kamar sauran garuruwan yankin, kasuwar wannan saƙa tana tashi ne da hunturu da kuma lokacin suna, sa'ad da ake neman riga da hula da safar jariri. Ta wata fuskar ta gaji kaɗi: sana'a ce ta cikin gida, jarinta kaɗan, yara ke kai ta talla ko a yi odarta daga maƙwabta.

7.0 Saƙa a Cikin Zance

Ma'anar kalmar ba ta tsaya ga aikin hannu ba. Mutumin da ya yi shiru yana tunani an ce yana saƙar zuci, ko yana saƙe-saƙe. Wanda ya kasa tsayar da shawara, ya ƙulla wannan ya kwance, yana saƙa da warwara, kamar yadda ake cewa tufka da warwara. Wanda ke shirya wa wani sharri a ɓoye yana yi masa saƙa da mugun zare. Idan matsala ta cuɗe ana neman bakin zaren. Duk waɗannan sun ɗauki tunani a matsayin zare da ake sarƙawa, kuma ba kalmarmu kaɗai ke yin haka ba, domin ana kitsa makirci, ana ƙulla zumunci ko gaba. Masu faɗin waɗannan maganganu a yau da yawansu ba su taɓa ganin masaƙi a bakin aiki ba, amma ma'anar ba ta ɓace musu ba.

8.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa "saƙa" ta rayu ne saboda faɗin ma'anarta. Ta tashi daga masaƙar namiji ta shiga ma'aikatar inji, ta kuma koma hannun mata da kwarashi, ba tare da ta sake siffa ba. Danginta na kusa su ne ke cikin haɗari. Kalmomi irin su sutu, gululu, abawa, waɗari, allera da kwarkwaro ba su da wani aikin da za su koma kansa. "Ƙoshiya" da "kunkuru" za su saura, amma a matsayin abin tuƙa abinci da dabba kawai.

Gaskiya ne ƙamusun Bargery na 1934 da na Abraham na 1949 da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006 sun adana kalmomin sana'o'i masu yawa. Sai dai ƙamus ma'ana yake bayarwa a taƙaice, ba ya nuna yadda ake riƙe abu, ko yadda mutanen wani gari ke furta shi, ko kirari da ba'ar da ke tsakanin masu sana'a. Wannan sani yana bakin tsofaffin da suka yi kaɗi da waɗari da hannunsu, kuma kullum raguwa suke yi. Ya kamata malaman Hausa na makarantun Kankiya da Kusada su riƙa tura ɗalibansu wurin kakanninsu, su rubuto sunayen kayan aiki da na tufafi yadda aka faɗa musu, da ƙugiya da alamar tsawon wasali, su zana hoton kowane abu a gefensa. Sassan Hausa na jami'o'i da kwalejojin ilimi na jihar kuwa su tattara waɗannan rubuce-rubuce, a kwatanta su da na sauran gundumomi, domin a san abin da yake na Katsinanci da abin da yake na Hausa baki ɗaya.